Aikin sa-kai a ƙasashen waje: shirin da ke jiran matashi kafin ya bar gida

Ranar da saƙo ya shigo salula cewa an zaɓi matashi ya je aikin sa-kai a wata ƙasa, gida yakan cika da barka, maƙwabta su yi ta shigowa ana addu'a. Sai dai tsakanin wannan saƙo da hawa jirgi a filin Diori Hamani na Yamai, makonni ne ƙalilan ko ƴan watanni, kuma a cikinsu ne wasu ke rasa gurbin da suka sha wuya kafin su samu. Wani fasfo ne bai fito a kan lokaci ba, wani sunan da ke kan takardar haihuwarsa ya saɓa da na difuloma, wani kuma sai da aka zo gab da tafiya mahaifi ya ce bai yarda ba, saboda babu wanda ya zauna ya yi masa bayani tun farko.

Ita kanta kalmar tana buƙatar bayani a gida. A ƴan shekarun nan, idan aka ce "ƴan sa-kai" a yankin Sahel, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga masu ɗaukar makami suna tsaron garuruwa. Wanda ake magana a nan shi ne abin da ake kira volontariat da Faransanci: matashi ya ba da wata shida zuwa shekara guda na rayuwarsa yana aiki a makaranta, ko gidan kula da tsofaffi da naƙasassu, ko gonar koyarwa, ko ofishin wata ƙungiya, ba don albashi ba. Dattawan karkara sun san irinsa. Daga 1962 zuwa farkon 2011 matasan Amurka na shirin Peace Corps sun zauna a ƙauyukan Nijar, wasunsu sun koyi Hausa har da karin magana, kuma Japanawa ma sun zo. Shirin musanya shi ne a juya tafiyar, ɗan Tasawa ko ƴar Madawa su ma su je su zauna a gidan wasu.

Ƙofofin da suka rage

Wanda ya nemi bayani daga yayansa da ya tafi shekara biyar da suka wuce, zai iya samun tsohon labari, domin abubuwa sun canza. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024, lamarin da ya sa hanyar shiga shirinta na service civique, wanda ke ɗaukar matasan da ba su wuce shekara 25 ba, ta yi wuya ƙwarai ga ɗan Nijar. Ficewar ƙasar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a watan Maris na shekarar hukumomi suka sanar da fita daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci. Ƙungiyoyin biyu kowace na da shirinta na matasa masu sa-kai, kuma ƴan ƙasashe mambobi aka yi wa su. Tarayyar Afirka ma tana da nata, wanda aka ƙaddamar a Abuja a watan Disamban 2010 domin masu shekara 18 zuwa 35, na tsawon wata 12, amma tun watan Agustan 2023 ta dakatar da Nijar daga harkokinta. Saboda haka abu na farko da matashi zai duba a kowace sanarwa shi ne jerin ƙasashen da aka yarda ƴaƴansu su nema, kafin ya kashe ko dala wajen haɗa takardu.

Shirin Majalisar Ɗinkin Duniya, VNU, wanda aka kafa a 1970 kuma hedkwatarsa ke birnin Bonn, yana ɗauka daga shekara 18, ta hanyar rajista a shafinsa na intanet. Jamus tana da shirin weltwärts tun 2008, kuma daga 2013 ta buɗe shi ga matasan ƙasashe masu tasowa su je can. Amma shi ba a nemansa kai tsaye, sai ta hannun wata ƙungiya ta gida da ke da abokiyar aiki a Jamus. Haka ma ICYE, tsohuwar ƙungiyar musanyar matasa da ta samo asali a 1949, wadda ke da rassa a Najeriya da Ghana: ta reshen ƙasar da mutum ke zaune ake shiga.

Duk waɗannan, abin da suka fi tambaya shi ne me mai nema ya taɓa yi a gida. Wanda ya yi aiki da Croix-Rouge a unguwa, ko ƴan sikawut, ko hukumar ANVD mai kula da aikin sa-kai na cikin ƙasa, ko ya yi bautar ƙasa ta service civique, yana da abin nunawa. Sai ya koma ya karɓi takardar shaida mai hatimi tun kafin a nema.

Gane na gaske da na ƙarya

A nan ne iyalai suka fi yin asara. Sanarwar ƙarya tana yawo a WhatsApp da Facebook ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, da hoton matasa suna murmushi, da alkawarin albashi mai tsoka a Kanada ko Turai. Bayan kwana biyu sai a ce an zaɓe ka, a turo lambar da za a aika "kuɗin dosiye". Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mai sa-kai, kuma ma'aikatanta ba su rubuto wasiƙar aiki daga adireshin Gmail. Wanda aka zaɓa ba tare da an yi masa tambayoyi ba, ba a kuma nemi jin ta bakin waɗanda suka san aikinsa ba, to a gaskiya aljihunsa aka zaɓa.

Abin da ke rikita mutane shi ne akwai shirye-shirye na gaskiya da ake biyan kuɗin shiga, kamar na ICYE. Bambancin shi ne kuɗin a rubuce yake tun farko, an fayyace abin da ya ƙunsa, ana biya a asusun ƙungiya mai ofishi da za a iya takawa a je, a karɓi rasit. Kuma ƙungiyar gaskiya ba ta jin haushi idan aka ce ta haɗa mai nema da wani da ya je ya dawo. Inda aka ce a yi sauri kada gurbi ya wuce, ko kada a faɗa wa iyaye sai an isa, ko kuma a miƙa fasfo ga wani ya riƙe, wannan ya fi kama da fataucin mutane, wanda dokar Nijar ta haramta.

Kafin a sa hannu a kontara, akwai tambayoyin da dole a ga amsarsu a rubuce: wa zai biya tikitin zuwa da na dawowa, ina za a kwana, wa zai biya magani idan an yi rashin lafiya, awa nawa ake aiki a mako, kuma wa za a kira idan zama da masu masauki ya ƙi. Idan kontarar da Jamusanci ko Ingilishi take, a nemi wanda zai fassara ta kalma bayan kalma.

Takardu, da abin da ke hana su fitowa

Fasfo shi ne uwar tafiya, kuma shi ma yana tsaye ne a kan wasu takardu: ta haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, wato jugement supplétif, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa. Ƙawancen AES ya sanar da sabon fasfonsa daga 29 ga Janairun 2025, tare da bayanin cewa tsofaffin suna aiki har ranar ƙarewarsu. Mai tsohon fasfo sai ya ƙirga da kyau. Ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida, kuma wanda zai yi shekara guda a waje, gara fasfonsa ya zarce ranar dawowa da tazara mai kyau, domin sabuntawa a ƙasar da Nijar ba ta da ofishin jakadanci wahala ce babba.

Matsalar da ta fi kowace cin lokaci ita ce ta suna. Mutum ɗaya zai iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a difulomar BAC, Mamane a katin ɗan ƙasa. A gida kowa ya san shi ne, amma ma'aikacin biza harafi yake dubawa. Haka ranar haihuwa, musamman ga waɗanda aka rubuta musu "vers" da shekara kawai. Gyaran irin wannan sai an bi ta kotu, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Wanda ke tunanin nema a baɗi, bana ya kamata ya baza takardunsa a kan tabarma ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma casier judiciaire, takardar da ke nuna kotu ba ta taɓa hukunta mutum ba. Masu aiki da yara ko tsofaffi ba su tsira daga nemanta. Wata uku kawai take aiki, don haka wanda ya yi gaggawar karɓa zai iya sake komawa. Kofen difuloma kuma a kai meri ko kwamisariya a buga musu hatimin tabbatarwa, sannan a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a imel, a bar wani kofe a hannun amintacce a gida.

Game da biza, kuskuren da aka fi yi shi ne neman ta ziyara. Bizar Schengen ta ɗan gajeren zama kwana 90 take bayarwa a cikin kwana 180, kuma ba a mayar da ita ta shekara bayan an isa. Mai aikin wata shida ko 12 biza ta dogon zama yake buƙata, wadda ƙasar da za a zauna ke bayarwa bisa kontara da wasiƙar gayyata. Ba kowace ƙasa ce ke karɓar takardun biza a Yamai ba. Wani sai ya je wata ƙasa maƙwabciya, kuma ya kamata a san tun farko wa zai ɗauki nauyin wannan tafiya. Ga ɗan Damagaram, ko zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota da na masauki, sau biyu ko uku kafin komai ya kammala. A wajen tambayoyi, ma'aikacin biza yana son ya ji mutum ya san aikin da zai je yi, da abin da zai dawo da shi gida. Amsar da aka haddace daga bakin wani nan da nan ake gane ta.

Lafiya

Katin rigakafi mai launin rawaya shi ne shaidar allurar shawara, kuma ƙasashen Afirka da yawa ba su barin mutum ya shiga sai da shi. Sai bayan kwana goma da yin allurar shaidar ke fara aiki, amma tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai tsohon kati ba ya buƙatar sabuwa, adana katin kawai zai yi.

A takardar binciken likita, ɓoye ciwo ba dabara ba ce. Mai amosanin jini, wato sikila, ya kamata ya sani cewa sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, kuma ƙungiyar da ta sani tun farko za ta iya zaɓa masa wuri kusa da asibiti. Mai asma ko farfaɗiya ya tafi da maganinsa cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin wasu magungunan da ake saye a kan tebur a kasuwa, irin su tramadol, suna iya jawo wa mutum kamu a filin jirgi. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mutum zai iya barin gida da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsa, ta tashi bayan ya isa. Likitan ƙaramin gari a Turai ba lallai tunaninsa ya je can ba, sai majinyaci ya ce masa daga ƙasar sauro ya fito, a gwada jini.

Maganar kuɗi tsakanin matashi da gida

A jahar Tawa da ma sauran jahohi, wanda ya ƙetare iyaka ya tafi biɗa ne, kuma ana jiran saƙonsa. Da wannan ido iyali da yawa ke kallon mai sa-kai. Yuro ɗaya sefa 656 ne, saboda haka idan aka ce ana ba matashi, misali, yuro 200 a wata, gida zai lissafa jika 131, abin da ya ninka mafi ƙarancin albashin Nijar sau uku. A can kuwa kuɗin sabulu ne da katin waya da tikitin mota, da takalmin sanyi idan ya rage. Shirin VNU yana ba da alawus da ya fi haka, amma shi ma an auna shi ne da tsadar rayuwar garin da ake aiki. Kuma bizar mai sa-kai galibi ba ta ba shi damar kama wani aikin kuɗi a gefe.

Gara a yi wannan magana a fili kafin tafiya, a gaban uwa da uba, ko da za ta rage wa murnar armashi. Matashin da ya bari gida na tsammanin zai aiko da kuɗin ragon layya ko na gyaran ɗaki, zai kwana da yunwa a ƙasar mutane don ya rufa wa kansa asiri, ko ya fara kauce wa kiran waya. Idan shi ne ke biyan kuɗin lakwal na ƙanne ko yana cikin adashe, a san wanda zai riƙe kafin ya dawo. Bashi kuma a biya ko a rubuta.

Mai zuwa wata ƙasar Afirka shi ma yana da lissafi. Sefar Nijar tana aiki a ƙasashe takwas na UEMOA, daga Senegal zuwa Benin, amma a Kamaru da Chadi da Gabon wata sefar ce, darajarsu ɗaya amma takardun daban, sai an canza.

Yardar iyaye

Neman albarkar iyaye ba a barinsa sai biza ta fito. Ga ƴa mace abin ya fi nauyi, domin za a tambayi a gidan wa za ta zauna, da wa za ta yi tafiya, da abin da mutane za su ce. Tambayoyi ne na gaskiya, kuma fushi ba ya amsa su. Abin da ke amsa su shi ne a kawo kontarar a karanta, a nuna adireshin masauki, a haɗa iyaye da wakilin ƙungiyar ko da wata da ta je ta dawo. Sau da yawa kawu ko gwaggo ko malamin da mahaifi ke jin maganarsa sun fi matashin iya shigar da zancen. Inda akwai baiko, dangin ɓangaren biyu su san ranar dawowa, a kuma daidaita a kan ko za a jira.

Ɗalibi ya je sashen rajista na jami'arsa ya ji yadda za a riƙe masa gurbinsa, ma'aikaci kuma ya nemi izinin dakatar da aiki a rubuce. Wanda ke da asusun banki ko wata takarda da zai karɓa a bayansa, ya bar wa wani wakilci mai hatimi. Layin waya ma, idan ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani na iya rufe shi, alhali da shi aka buɗe WhatsApp da asusun aika kuɗi.

Abin da ke shiga jaka

Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke ba kowace jaka. Uwa za ta so ta cika ta da kilishi da cuku, amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kuma a kwastan za a ƙwace su, wani lokaci har da tara. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji sun fi sauƙin wucewa idan an ƙulle su da kyau, duk da haka a tambayi dokar ƙasar. Rigar sanyi ta gwanjo guda ɗaya ta isa ranar sauka, sauran a saya can ko a karɓa daga masu masauki, domin sanyin hunturu na Maraɗi ba ya kama ƙafar wanda ruwa ke daskarewa a cikinsa. Kaya na gida masu kyau, babbar riga ko atamfa, suna da ranarsu, saboda kusan kowane shiri yana da taron da ake cewa kowa ya gabatar da ƙasarsa. Ƴar tsaraba ta fata ko ta azurfar Agadas ga masu masauki ba ta da nauyi. Fasfo da kontara da katin rigakafi da lambar wanda zai tarbi mutum kuwa a jakar hannu suke zama, a kan takarda, don waya na iya mutuwa a Kasablanka ko Istanbul.

Game da addini, tun a takardar nema ake faɗin cewa ba a cin naman alade, ba a shan giya, ana kuma buƙatar ƴan mintoci na salla. Masu shirya musanya sun saba da wannan, abin da ba su so shi ne su ji shi a kan teburin abinci ranar farko. Lokutan salla ma za su ba da mamaki: a Berlin rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, a watan Yuni kuma yini ya kusa awa 17. Wata na biyu ko na uku, lokacin da ɗoki ya wuce kuma harshe bai zauna ba, shi ne kewar gida ke tsananta. Wanda aka gaya wa haka tun a gida ba ya ɗauka cewa shi kaɗai abin ya sama.

Da isa, a nemi ofishin jakadancin Nijar mafi kusa a yi katin consulaire, wanda ke sauƙaƙa samun takardar komawa gida idan fasfo ya ɓata.

Ranar dawowa tana cikin kontara, kuma za a samu masu ba da shawarar a ɓace kafin ta zo. Wanda ya yi haka ya zama marar takardu daga ranar da bizarsa ta ƙare, ba shi da inshorar lafiya, kuma ƙungiyar da ta tura shi ce za ta amsa tambaya lokacin da ta kai takardun ƴan baya ofishin biza. Mai dawowa kuwa, kafin ya bar wurin aikinsa ya karɓi takardar shaidar kammalawa da wasiƙar shugaban da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da Faransanci idan zai yiwu, domin bayan an sauka Yamai samunsu ta imel yakan ɗauki watanni.